Jikan Saje Maigandi

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

An ba mu hutu a makaranta, damina ta zauna, ba ni da aikin yi sai shara da wanki, don haka yau na fara aikin da Baban Hanifa ya ɗora mini kafin ya koma bakin aiki. Danginsu za su yi taron zumunci a Argungu bayan kaka, shi kuma ya miƙe a gaban manya ya ce, "Adawiyya malamar tarihi ce, ita za ta rubuto mana asalin gidanmu." Bai tambaye ni ba. Haka soja yake, sai ya ba da umarni sannan ya yi murmushi. Na ce masa ni tarihin Kanta da daular Kabi nake koyarwa. Ya ce ai su ma jikokin Kanta ne in na duba da kyau. Kowa a Argungu jikan Kanta ne, har mai facin taya.

Abin da na sani zuwa yanzu bai cika tafin hannu ba. Mijina Manjo Mansur ne. Mahaifinsa marigayi malamin zaure ne a nan Birnin Kebbi. Kakansa shi ne Saje Maigandi, masunci daga Argungu, wanda ya je yaƙin Bama zamanin Turawa. Daga nan sai duhu.

Ɗaya abin zan rubuta shi sau ɗaya, kada in sake. Ranar Asabar Kyaftin Sodiq ya zo daga bariki, ya tsaya a zaure, ya cire hula. An kai wa su Baban Hanifa farmaki a daji. An ga wasu, ba a ga wasu ba, shi yana cikin waɗanda ba a gani ba. Ana nema. Baba Abdussamadu, ƙanen mahaifinsa, ya ce kada a gaya wa Inna, mahaifiyarsa, saboda hawan jininta. To, na rubuta.

Waya tana da caji.

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Na fara da Inna, tunda surukata ce kuma ɗakinta yana kallon nawa. Na same ta tana tsinke zogale, na zauna da biro kamar 'yar jarida. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma ni anka mayar ɗaliba?"

Ta ishe Maigandi da ransa lokacin da aka kawo ta amarya. In ji ta, muryarsa kaɗai ta isa ta kori akuya daga kan shanya. Da asuba yakan tsaya tsakar gida ya yi ta kiran sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, har da kaji in da za su iya. Da cokali yake cin tuwo. Ya ce a Bama akwai matsattsaku masu kaurin yatsa, kuma shinkafar can ba ta kama ƙafar ta fadamar Argungu ba. Ya tsallaka teku ya je ya ga shinkafar duniya, ya dawo ya ce ta gida ta fi. Na ce wa Inna wannan dai jinin gidan ne, don jikansa ma ya je har Darfur ya dawo yana kushe shayinsu.

Muna cikin dariya ta ce, "Wancan ya kira?" Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

Na ce ya kira, yana gaishe ta.

Ta ce tana amsawa.

Laraba, da safe

Ruwa tun asuba. Hanifa ta iya rubuta sunanta, sai dai harafin ƙarshe yana kallon baya.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Na hau Keke Napep daga unguwarmu Gwadangaji zuwa kasuwa, wurin Mama Iyabo mai kwanuka. Tun tana amarya aka kawo ta garin nan daga ƙasar Yarbawa, yanzu Hausarta ta fi tawa ɗanɗanon Kabi. Gidanta da na su Baban Hanifa katanga ɗaya ce a da, tare suka tashi da ɗanta Jide. Duk wanda yake son sanin yadda ɗan malami ya zama soja, ita zai tambaya.

"Sojana?" ta ce, ta ture wata tukunya ta yi mini wurin zama. "Tun shina ɗan hirit yaka tara mani yara gaban shago, kowa da sandar rake a kahwaɗa. In sun gama hwareti su shanye bindigogin."

Ta ce da ya ci jarrabawar makarantar hafsoshi ta Kaduna, mahaifinsa ya ƙi. Yana son ya gaje shi a zaure. Mako guda ba mai iya tunkararsa. Ita ce ta ɗaura ɗankwalinta mafi girma, ta shiga ta durƙusa ta ce, "Malam, kai ka bar homar kamun kifin ubanka ka kama allo, wa ya hana ka? Bar yaro ya bar allo ya kama na kakanai." Malam ya ce, "Iyabo, ke da lauya anka yi ki." Washegari ya sa albarka.

Na yi ta rubutu. Da zan tashi ta riƙe hannuna, ta ce Jide ya gaya mata. Na ce mata miyar da na bari a wuta za ta ƙone. Ban bar miya a wuta ba. Ta cusa mini ludayi sabo a jaka, ban san dalili ba, ita ma ina jin ba ta sani ba.

Asabar, da hantsi

Kyaftin Sodiq ya kira. Ruwa ya cinye hanyoyin wajen, amma ba a daina ba. Yaro ne mai ladabi, yana ta cewa "Madam, a yi haƙuri," kamar shi ya taka ni.

Na wanke labulaye duka, har waɗanda na wanke wancan makon.

Litinin, 12 ga Agusta, Argungu, bayan azahar

Na bar Hanifa wurin Inna na zo Argungu. Gulbi ya cika ya batse, fadama kore shar har inda ido ya tsaya. Na sauka gidan Goggo Baiwa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta san komai game da ɓatansa ba, kuma da ta sani da garin nan duka ya sani kafin la'asar. Ta dafa mini tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna tana ƙirga lomata da ido.

Ita ce rumbun labarin Maigandi. Ban ma buɗe baki ba ta fara.

Ana cikin yaƙi, sai saƙo ya zo daga wurin Turawa cewa Maigandi ya rasu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, matarsa ta yi takaba ta fita. Aka raba homarsa da gorarsa, wani ɗan uwa ya ɗauki kwalekwalen. Har wani mai sayar da gishiri ya fara aiko da goron neman aurenta. Ran nan, ranar kasuwa, sai ga mutum ya sauko daga babbar mota da akwatin ƙarfe a ka, kaki har gwiwa, ya yi sallama da wannan murya tasa.

"Wallahi ɗiyata," in ji Goggo, tana bugun cinya, "kasuwa tat tashi! Mai hura tab bar ƙwarya, mahauci yab bar wuƙa. Liman da kanai yah hau katanga, rawani na jan ƙasa. Shi kuwa yat tsaya tsakiya shina hwaɗin, kai jama'a, wa yad ɗauki kwalekwalena?"

Na yi dariya har na shaƙe, ta miƙo ruwa. Mai gishiri, in ji ta, bai sake bin wannan unguwa ba har ya mutu, sai dai ya zagaya ta bakin gulbi.

Sannan ta miƙe tsaye, da tsufanta, ta yi masa kirarin da maroƙa suke yi masa: "Maigandi wan Zulki, giwan ruwa ba a kama ka da hannu, kat tahi anka yi kuka, kad dawo anka yi gudu!"

Na ce ta sake ba ni wurin da ya sauko daga mota. Ta sake. Na ce ta ƙara. Ta ce, "Ke, ba kya gajiya?"

Talata, Argungu, da safe

Na tambayi Goggo tsawon lokacin da aka yi tsakanin zuwan saƙon da dawowarsa. Ta ce shekara. Maƙwabciyarta da ta shigo aron turmi ta ce shekara biyu. Wani tsoho a ƙofar gida ya ce damina uku, ya rantse. Na ce musu aikin tarihi ne, dole in san adadin. Suka ce in rubuta "da daɗewa."

Wani abu kuma ya tsaya mini. Na ce, "Goggo, wane ne Zulki? Kin ce wan Zulki."

Ta ce kirari ne kawai, maroƙa ba sa rasa abin cika baki. Ta tashi duba kifin da take bandawa, wanda ta gama dubawa yanzun nan.

Sadarwa a ɗakin Goggo ba ta da ƙarfi, sai a gindin darbejiya. Na sha zama a gindin darbejiya.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na dawo gida. Yau na zauna rubuta ɓangarensa shi kansa, na ce wannan ba sai na tambayi kowa ba. Ya fita daga Kaduna da tauraro a kafaɗa, aka tura shi Jos. Daga can aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, inda ya dawo baƙi ƙirin ya zo neman aurena, babana ya ce wannan sai dai a gan shi da rana. Bayan bikinmu aka kai shi gabas, ya daɗe can, Hanifa ma a waya ya fara jin kukanta. Ya yi kwas a Jaji, ya zama Manjo, muka yanka rago. Ba ya son a taɓa masa takalmi, shi yake goge abinsa yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Yana tsoron allura. Wannan ban sani ba ko zan sa a takardar taro, amma gaskiya ce, kuma tarihi gaskiya yake so.

Da na karanta abin da na rubuta, sai na ga a wani layi na sa "ya kasance mutum mai barkwanci." Na yage shafin na sake.

Inna ta ce in ya kira in ce masa zogalen da ya shuka ya fi katanga tsawo. Na ce zan faɗa. Azumi take yi kwanakin nan, ta ce ramuwa ce.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Na je gaida Baba Abdussamadu a cikin gari. Bayan ɗalibansa sun tashi na tambaye shi Zulki. Ya daɗe yana gyara zaman gilashinsa.

Zulkifli ƙanen Maigandi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka shiga soja, Maigandi ne ya ja shi. A wancan zamani soja da sunan garinsa ake rubuta shi, don haka su biyun duk Argungu ne a bakin Turawa. Wanda ya rasu a Bama Zulkifli ne. Saƙon ne ya zo da sunan wan a maimakon ƙanen.

"Kin gani," in ji Baba, "ranar da anka yi guɗa gidanmu, ita ce ranar da matar Zulkifli tas san ita ta mai takaba. Tana can tana jiran miji, har ita taka ba matar Maigandi haƙuri."

Zulkifli ya tafi ya bar ta da ciki, ta haifi 'ya mace bai gani ba. Danginta suka zo suka ɗauke ta zuwa Gulma cikin fushi, suka ce Maigandi ya kai musu suruki ya baro. Maigandi mai tsawa, in ji Baba, bai taɓa iya taka Gulma ba har ya koma ga Allah. 'Ya'yansa suka gaji kunyar ba tare da sun faɗa wa nasu 'ya'yan ba. Yarinyar sunanta Mubina. Baba ya ce yana jin tana nan da rai.

Na ce to ai dole in je, aikin tarihi ne. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Adawiyya, ba dole ba ne yanzu."

Na fi son labarin yadda Goggo ta ba ni shi.

Lahadi

Ban je ba.

Litinin, da yamma

Ban je ba. Na yi wa Hanifa kitso, ta ce ya yi zafi, na kwance na sake. Waya tana da caji.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan magariba

Na je Gulma. Jide ne ya rufe shagonsa ya kai ni a motarsa, Mama Iyabo ta ce in ya bar ni na hau motar haya kada ya dawo mata gida. Duk hanya yana ba ni labarin yadda shi da Baban Hanifa suka taɓa satar mangwaro, mai gonar ya kama Jide, shi kuwa gwanin ya tsaya daga nesa yana ba da umarnin ja da baya.

Ba mu sha wahalar nema ba. Muna cewa Mubina, aka ce wace, mai shinkafa? Gida ne babba, rumbuna a jere, jikoki da tattaɓa kunne kamar an zubo su daga buhu. Tana zaune a inuwa da faifai a cinya tana tsince tsakuwa, 'yar tsohuwa ƙarama, ido tar. Na durƙusa na faɗi daga inda nake.

"Gidan Maigandi?" Ta ajiye faifan. "Sun tuna da mu? To madalla, ba ku yi latti ba, ban mutu ba."

Ta sa aka kawo fura. Ta ce ba ta san ubanta ba sai a bakin uwarta: dogo ne, yana da wushirya, ya iya kama kifi da ƙafa, kuma ba ya iya wucewa gaban mai ƙosai. Ko hotonsa babu. Na ce ko tana jin haushin gidan Maigandi. Ta ce, "Uwata ta ji nata ta ji nawa, ba ta rage mani ba. Ni shinkahwa tas sha mani kai."

Ta tambayi wanda nake aure. Na ce jikan Maigandi, soja ne shi ma. Ta ce, "Har yanzu ba su daddara ba?" Ta yi dariya. Sai ta daina, ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon tsofaffin mata.

"Wata nawa?"

Ko Inna ban gaya wa ba. Na ce huɗu.

"Ya sani?"

Na ce ya sani, ranar da zai tafi na gaya masa.

"Ina yake yanzu?"

A nan ne bakina ya ƙi yin abin da ya saba yi kwanakin nan. Na gaya mata duka. Na yi kukan da ban yi a Gwadangaji ba, a gidan matar da ban taɓa gani ba, jikokinta suna leƙe ta bayan rumbu. Ba ta ce in daina ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta har na gaji don kaina.

Sannan ta ce, "Ba ni ce maki shina dawowa, ba ni ce maki ba shi dawowa, wanga na Allah na. Amma dube ni. Ni a cikin da anka bari. Ga ni na yi hurhura, ɗiya sun hana ni barcin rana. Ko wace ƙohwa Allah ya buɗe, akwai hanya bayanta. Shanye hurarki."

Na shanye. Ta cika wa Jide bayan mota da shinkafa da busasshen kifi, yana cewa ya isa, tana cewa ba da shi take ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Na kai wa Inna kunu, na ce mata ya kira jiya ina Gulma, yana gaishe ta. Ta karɓi kofin ta ajiye, tunda azumi take. Ta ce in zauna.

"Adawiyya, kin iya tarihi, amma ba ki iya ƙarya ba. Wancan in ya kira, har maƙwabta na jin dariyarki. Yaushe rabon da ki yi ta?"



Ta ce tana bayan labule ranar da Kyaftin ya cire hula. Ta yi shiru ne don ta ga ina da juna biyu, ta ce kada ta ɗaga hankalinta ta ɗaga nawa. Ashe wannan ma ta sani. Ni ina ɓoye mata saboda jininta, ita tana ɓoye mini saboda cikina, muna ta aika wa juna gaisuwar mutumin da bai kira ba. Da muka gane haka sai dariya ta kama mu, irin wadda ba ta da kyau, mai haɗe da hawaye. Hanifa ta shigo ta ce me aka samu. Inna ta ce, "Uwarki ta faɗi jarrabawa."

Na ce ramuwar azumin fa? Ta ce ta gama ramuwarta tun kafin Babbar Salla.

Yau na kwashe shimfiɗata na koma ɗakinta. Ta ce ina minshari. Ƙarya ce.

Asabar

Mun dafa shinkafar Gulma. Maigandi ya yi gaskiya.

Talata, 27 ga Agusta, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Rubutun ya karkace, ba komai.

Ina shanya sai na ji mota. Kyaftin Sodiq ya shigo zaure, hularsa tana kansa, bai taɓa ta ba. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba. An same su, shi da wani kofur, a wani ƙauye da ruwa ya yanke. Mutanen ƙauyen ne suka ɓoye su. Yana da rai. Yana asibitin sojoji a Kaduna. Ya ji rauni a ƙafa, likitoci suna kansa.

Inna ta yi sujada a tsakar gida, cikin laka. Ni kuwa na ruga ɗaki na fito da ludayin Mama Iyabo a hannu, ban san me zan yi da shi ba. Kyaftin ya yi ta kallon ƙasa don kada ya yi dariya. Baba Abdussamadu ya kira Goggo Baiwa ya gaya mata komai a lokaci guda, ɓata da samuwa. An ce ta yi guɗa, sannan ta zage mu duka saboda ba a gaya mata da wuri ba.

Ba duka aka samu ba. Akwai matan da hular ta sauka a zaurensu ba ta koma ba. Na tambayi Kyaftin sunayensu, zan je.

Juma'a, 30 ga Agusta, Kaduna, da yamma

Na gan shi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya yi kama da ɗan fashin da yake nema. Ƙafar hagu an cire ta daga ƙasan gwiwa. Wannan ma sau ɗaya zan rubuta.

Na shirya maganganu tun daga Birnin Kebbi, da na shiga duk suka gudu. Shi ya fara. Ya ce, "Malama, ina aikin da na ba ki?" Na ce mutum ya ɓace mako da makonni, ya dawo da tambayar aikin gida. Ya ce horo horo ne. Ya dubi cikina, ya dube ni, na gyaɗa kai, ya rufe ido na ɗan lokaci.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga sosai, ta ƙi kallonsa. Ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko wancan yana cin abinci. Aka ce yana ci, allura ce dai sai an taru a kansa. Ta ce, "To shi na."

Bai ba ni labarin dajin ba, ban tambaya ba. Abin da ya ce kawai, wata tsohuwa ta yi ta ba su kunu a cikin rumbu, kuma kofur ɗin ya goya shi inda bai iya tafiya ba. Ni na ba shi labarin Zulkifli. Bai taɓa jin sunan ba sai a kirari. Ya ce, "In na tashi, can za mu fara zuwa."

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

Na daɗe ban buɗe nan ba, gidan ya cika da masu dubiya da ƙarar sandunansa. Yana korar kaji da ɗaya. Taron Argungu sati mai zuwa ne, na gama rubutun, sunan Zulkifli yana kusa da na wansa. Yau muka je Gulma kai gayyata, ni da shi da Baba Abdussamadu da Goggo Baiwa, wadda ta yi ta cewa kanta yana ciwo har muka isa, sannan ta riga kowa faɗawa jikin Goggo Mubina tana kuka.

Ana girbi, gidan duk ƙaiƙayi. Ya so ya durƙusa, sanduna suka hana, Goggo Mubina ta ce, "Zamna, soja, mun yahe." Ta zaunar da shi kusa da ita a tabarma, ta kama hannunsa, ta dubi inda aka naɗe ƙafar wandon.

"Sauran ina kab baro ta?"

"A daji, Goggo."

"To, kai kaɗan kab bari."

Aka kawo tuwo. Kafin a sa hannu ta ce tana da tambaya, ta daɗe da ita, ba ta samu wanda za ta yi wa ba.

"In mutum na kwance can, ya ga kamar ba shi tashi, mi yaka tunawa?"

Ya ce, "Gida, Goggo."

"Har da wanda ke ciki, ba a haihe shi ba, bai san ko mace ta ko namiji na ba?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Shi na fi tunawa. Har suna na sa masa, na yi ta kiransa da shi."

Baba Abdussamadu ya sunkuyar da kai, Goggo Baiwa ta toshe baki da mayafi. Goggo Mubina ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ko wane suna yas sa mani?"

Sai ta ɗaga kai ta ce, "Allah dai ya sa ba Mubina ba, ban taɓa son sunan ga ba."

Ta yi dariya har da tari, muka taya ta. Amma hannunsa da ta riƙe ba ta saki ba, har tuwon ya huce, har aka kira la'asar.